Steve Redgrave: Daga Zinare Biyar Zuwa Horar da Matuƙan Ƙasar Sin (Tambayoyi da Amsoshi)

A Sakkwato idan aka ce wasa, ƙwallon ƙafa ake nufi, sai kokawa da dambe. Amma duk lokacin da gasar Olamfik ta zagayo, aka nuno waɗansu ƙarti zaune cikin siririn jirgi suna tuƙi da baya, sai tambayoyi su yi ta fitowa daga masu kallo, musamman mutanen bakin gulbi da suka san ruwa. Ga amsoshin waɗanda aka fi yi, an rataya su a kan rayuwar mutumin da ya fi kowa suna a wannan fage.

Wane ne Steve Redgrave?

Baturen Ingila ne, an haife shi ranar 23 ga Maris 1962 a Marlow, wani ƙaramin gari da ke bakin Kogin Thames. Mahaifinsa magini ne. Ya ci lambar zinare a tseren jirgin tuƙi a gasar Olamfik biyar a jere, daga 1984 zuwa 2000, ya haɗa da tagulla ɗaya a 1988. A gasar duniya kuma zinare tara ya kwasa. A 2001 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Shekara 18 bayan ya ajiye filafili, ƙasar Sin ta ɗauke shi ya jagoranci shirin horar da matuƙanta.

Malam, wannan tuƙin ba irin wanda ake yi a Argungu ba ne?

Ruwa dai ruwa ne, amma aikin ya bambanta. A tseren kwale-kwale na bikin kamun kifi a Matan Fada, matuƙi yana fuskantar inda zai je, filafilin yana hannunsa ba a ɗaure da komai ba, ƙarfin kuma daga kafaɗa da ƙugu yake fitowa. A nasu, matuƙi yana bai wa inda zai je baya. Filafilin dogo ne, an maƙala shi a wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgi, kujerar kuma tana da ƙananan tayoyi, tana zamewa gaba da baya. Mutum zai naɗe gwiwoyinsa, ya tsoma filafili, ya tokare ƙafa ya miƙe. Saboda haka yawancin ƙarfin daga cinya yake, baya ya biyo, hannu shi ne na ƙarshe. Mai kallo a talabijin yakan ɗauka wasan damtse ne, alhali ƙafafu ne ke mutuwa tun kafin a kai rabin hanya.

Tsawon tseren mita 2,000 ne, a miƙe sambal, jirage shida kowane da layinsa. Iri biyu ake yi: wanda kowane matuƙi ke riƙe da filafili biyu, da wanda kowa ke riƙe da guda ɗaya da hannu biyu, wannan ta dama wancan ta hagu. Akwai jirgin mutum ɗaya, na biyu, na huɗu, da na takwas. Na takwas ɗin yana da mutum na tara, ƙaramin jiki, wanda ba ya tuƙi: shi ne jagora, yana saita jirgin yana kuma faɗa musu lokacin ƙara wuta. Jirgin mutum ɗaya ya kai kusan mita 8 a tsawo amma nauyinsa kilo 14 ne kacal, faɗinsa kuwa da ƙyar ya ɗauki mazaunin mutum. Wanda bai saba ba, yana hawa zai kife.

Yaya aka yi ya shiga wasan?

Ta hannun malamin makaranta. Redgrave bai yi fice a aji ba, yana da lalurar nan da ke sa haruffa su riƙa rikice wa yaro wajen karatu, kuma yana shekara 16 ya bar makaranta. Malaminsu na Turanci, Francis Smith, shi ne ya dubi girman hannuwansa da ƙafafunsa ya ce ya zo kogi ya gwada. Makarantar gwamnati ce ta talakawa, a ƙasar da aka san wannan wasa da 'ya'yan masu hali da jami'o'in Oxford da Cambridge.

Burinsa na farko shi ne ya zama zakaran jirgin mutum ɗaya. A gida ya yi ta cinyewa, har a gasar ƙasashen renon Ingila ta 1986 a Edinburgh ya ci zinare a ciki. A matakin duniya kuwa abin bai karɓe shi ba. Duk zinarensa na Olamfik da abokan tuƙi ya ci su.

A ina da ina ya ci zinare biyar ɗin?

Na farko a Los Angeles ta Amurka a 1984, a jirgin mutum huɗu mai jagora, tare da Martin Cross da Richard Budgett da Andy Holmes, Adrian Ellison yana saita musu. Masu ƙorafi sukan ce ai Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas sun ƙaurace wa gasar a shekarar, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai a 1988 a Seoul ta Koriya ta Kudu duka biyun sun zo, shi da Holmes suka cinye tseren mutum biyu marar jagora.

Daga nan ya haɗu da Matthew Pinsent, wanda ya girme wa da shekara takwas. Suka ci a Basalona ta Sifaniya a 1992, suka maimaita a Atlanta a 1996. Na Atlanta ɗin shi kaɗai ne zinaren da Birtaniya gaba ɗayanta ta samu a waccan gasar, a duk wasanni. Yana cikin jirgi yana haki ya shaida wa 'yan talabijin cewa duk wanda ya ƙara ganinsa kusa da jirgi, ya ba shi izini ya harbe shi. Bayan 'yan watanni ya koma ruwa.

Na biyar ɗin shi ake ba da labari. Ranar 23 ga Satumba 2000, a Sidni ta Ostireliya, jirgin mutum huɗu marar jagora: shi da Pinsent da James Cracknell da Tim Foster. Yana da shekara 38, yana fama da cuta biyu, kuma wata biyu kafin nan an tashi wata gasa a Lucerne ta Suwizalan suna na huɗu, abin da ya sa wasu suka fara cewa tsohon ne ke ja musu jirgi baya. A Sidni suka fita da ƙarfi suka ba da rata tun farko, 'yan Italiya suka yi ta cin ratar a mita 500 na ƙarshe, kowane tsomi suna matsowa. Aka tsallake layi Birtaniya na gaba da sakan 0.38. Da tseren ya ƙara mita ashirin ko talatin, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

To shi ne ya fi kowa a tarihin Olamfik?

A'a. Aladár Gerevich na Hangari ya ci zinare a wasan takobi a gasa shida a jere, daga 1932 zuwa 1960. A tuƙin ma, Elisabeta Lipă ta Romaniya tana da zinare biyar da lambobi takwas jimilla, sai dai nata ba a jere suke ba. A Birtaniya kuma 'yan tseren keke Chris Hoy da Jason Kenny sun wuce shi a yawan zinare. Abin da ya keɓanta da shi shi ne shekara 16 yana kan gaba ba fashi, a wasan da ke cin jiki kamar wannan, inda mutum ba ya samun damar shiga tsere biyar ko shida a gasa ɗaya ya tara lambobi.

Da gaske ne yana da ciwon suga ya ci zinare?

Da gaske ne, kuma ba shi kaɗai ba. A 1992, 'yan makonni kafin Basalona, likitoci suka gano yana da wani ciwo na kumburi da gyambon babban hanji, mai sa gudawa da jini da rama, wanda ba a warkewa sai dai a kwantar da shi da magani. A haka ya je ya ci. A 1997 kuma aka ce masa yana da ciwon suga, shekara uku kafin Sidni.

Matsalar ita ce matuƙi irinsa, mai nauyin fiye da kilo 100, yana atisaye sau biyu ko uku a rana, yana cin ninki biyu zuwa uku na abincin magidanci, kuma yawancinsa irin abincin da ake hana mai suga ne. Ya rage ci, ba ƙarfin tuƙi. Ya ci yadda ya saba, suga ya hau. Shawarar da likitansa ya yanke ita ce ya ci gaba da cin abincin da aikinsa ke buƙata, a riƙa daidaita shi da allurar insulin, yana auna jininsa sau da yawa a rana. Kocinsa kuma ya sake masa tsarin atisaye, aka daina tilasta masa yin duk abin da samarin jirgin ke yi a lokacin da suke yi. Matarsa Ann, wadda ita ma ta yi tuƙi a Olamfik ta 1984, likita ce, kuma ita ce likitar tawagar matuƙan Birtaniya a shekarun.

Wannan na ƙarshen ya kamata mai karatu ya riƙe. Mutumin yana da likita a gida, da ƙwararre a asibiti, da na'urar awo a aljihu. Kada wani mai suga a Mabera ko Gidan Igwai ya ji labarin ya ce shi ma bari ya koma wa fura da zuma. Abin da labarin ya nuna shi ne ciwon ba ya hana motsa jiki mai tsanani idan ana bin sa da awo da magani. Yadda za a bi shi kuwa, balle da azumi a zafin Afrilu, wannan maganar likitanka ce.

Su wa suka horar da shi?

Mutum biyu ne manya. Mike Spracklen ya riƙe shi a shekarun 1980, shi ya kai shi zinare biyu na farko. Sai Jürgen Gröbler, mutumin Jamus ta Gabas, wanda ya zo Ingila a 1991 bayan rushewar katangar Balin, ya kama aiki a kulob ɗin Leander da ke Henley.

Gröbler ya zo da tsarin da ya bai wa Turawan Ingila mamaki: tuƙi mai nisa a hankali, kilomita bayan kilomita, kullum, wata da watanni, tsere da ƙarfi sai jefi-jefi. Ana ɗibar ɗigon jini daga kunnen ɗan wasa a auna ko ya wuce gejin da aka sa masa, ana zuwa kan tsaunuka a yi atisaye inda iska ta yi ƙaranci, ana rubuta komai. Tun daga 1992 har 2016 ba a yi Olamfik ba tare da jirgin da Gröbler ya horar ya ci zinare ba. Shi kansa kuwa bai taɓa cin lambar Olamfik a matsayin matuƙi ba.

Yaya koci ke sanin wanda ya cancanci hawa jirgi?

Da farko akwai injin tuƙi na tudu, wanda ake gani a wasu gidajen motsa jiki. Ana tuƙa mita 2,000 a kansa, allo ya nuna lokaci. Manyan maza kan yi a ƙasa da minti 6. Amma inji ba ya kifewa, kuma ba ya nuna ko mutum zai iya daidaita tsominsa da na wani. Jirgin mutum biyu kamar shanun huɗa ne a garma ɗaya: idan ɗaya ya fi ɗaya ja, kunya ce za ta karkace.

Shi ya sa ake yin gwajin musanya. A jera jirage biyu su yi tsere, a rubuta ratar. Sai a ɗauki mutum ɗaya daga wannan a musanya da ɗaya daga wancan, a sake. Idan ratar ta canja, an san wanda ke sa jirgi gudu. Ba roƙo, ba sanayya, ba tuna alherin bara.

Tim Foster ya ɗanɗana wannan. Ya yanke hannu a gilashin taga a 1998, ya kuma yi aikin tiyata a baya, sai Ed Coode ya hau kujerarsa, jirgin ya ci gasar duniya ta 1999 da Coode a ciki. Foster ya warke ya dawo neman wurinsa, Gröbler ya zaɓe shi ya sauke wanda bai yi laifin komai ba. Coode sai a Atens a 2004 ya samu nasa zinaren. Shi kuma Foster, daga Sidni horarwa ya koma: ya riƙe kulob ɗin Jami'ar Landan, daga baya ya zama babban kocin matuƙan Suwizalan.

Me ya kai Redgrave ƙasar Sin, kuma wane aiki ya yi?

Bayan ya yi ritaya ya daɗe yana harkar tara kuɗin agaji da sharhi a BBC, ya kuma shugabanci gasar tuƙi ta Henley, wadda ake yi tun 1839. A bikin buɗe Olamfik ta Landan a 2012 shi ya shigo da wutar gasar cikin fili ya miƙa wa matasa bakwai. A 2018 hukumar tuƙi ta Sin ta naɗa shi daraktan shirinta na manyan 'yan wasa.

Aikin ya wuce bin jirgi a cikin ƙaramin jirgin inji da lasifika a baki. Shi ne ya riƙa duba tsarin atisayen shekara, da yadda ake zaɓen 'yan wasa, da horar da su kansu masu horarwar. Aikin bakin ruwa na kullum a lokacin akwai masu yinsa, cikinsu har da Paul Thompson, mutumin Ostireliya da ya daɗe yana horar da matan Birtaniya kafin ya koma Sin. Sin ba ta rasa dogayen matasa ba, ba ta rasa kuɗi ba, ba ta rasa masu jure wahala ba. Zuwa lokacin kuwa zinare ɗaya tak ta taɓa ci a tuƙi, na mata huɗu a Beijin a 2008. Abin da ta saya a wajen Redgrave shi ne sanin yadda ake tsara shekara huɗu ta yadda ɗan wasa zai kai ƙololuwarsa a mako guda da ake buƙata, ba wata uku kafin nan ba.

An ga amfanin zuwan nasa?

A Tokyo, gasar 2020 da korona ta ɗage zuwa 2021, Sin ta ci zinare a jirgin mata huɗu masu filafili biyu-biyu, da lokacin da ba a taɓa yi ba a duniya, minti 6 da sakan 5.13. Ta ƙara da tagulla biyu, a jirgin maza biyu da na mata takwas. Birtaniya kuwa, wadda Gröbler ya bari a 2020, ta koma gida ba zinare ko ɗaya a tuƙi, karo na farko tun 1980.

Sai dai a yi adalci. Waɗannan matan an rene su a makarantun wasanni na lardunan Sin tun kafin Redgrave ya sauka, kuma Birtaniya ta farfaɗo a Faris a 2024 da zinare uku ba tare da shi ko Gröbler ba. Nawa ne rabonsa a zinaren Tokyo, ba sikelin da zai auna.

Ashe ba duk zakara ne ya fi cancanta ya horar ba?

Ba dole ba ne, kuma sau da yawa akasin haka ake gani. Wanda Allah ya hore wa huhu da ƙashi irin na Redgrave yakan kasa gane dalilin da ya sa yaro ya gaza abin da shi yake yi ba tunani. Koci kuwa ido ne aikinsa: ya hango daga nesa cewa na uku yana tsoma filafili bayan na huɗu da ƙiftawar ido, ya samo kalma ɗaya da za ta gyara shi, ya kuma san ranar da zai ce a huta.

A ganina abin da ya taimaki Redgrave shi ne shekarunsa na ƙarshe, lokacin da ya daina zama mafi ƙarfi a jirgi. Pinsent ya wuce shi, jiki ya ƙi, dole ya koyi lissafin abin da ya rage masa da yadda zai kashe shi. Wanda ya yi shekara uku yana auna jininsa kafin ya hau ruwa, ya san abin da zai faɗa wa ɗan wasan da ya gaji. Zinaren 1988 ba zai koya masa wannan ba.

Akwai 'yan Afirka a wasan kuwa?

Akwai. Afirka ta Kudu ta ci zinare a Landan a 2012 a jirgin maza huɗu marasa nauyi, wato rukunin da ake ƙayyade nauyin jikin matuƙa, Sizwe Ndlovu yana cikinsu. A wannan gasar ce kuma maƙwabcinmu Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar ya fito a jirgin mutum ɗaya, bayan atisayen wata uku kacal. Ya zo na ƙarshe da rata mai yawa, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya iso. An ruwaito Redgrave yana cikin waɗanda suka nuna shakku kan ba shi gurbi, ganin akwai ƙwararru daga wasu ƙasashe da aka bari a gida. Kowane ɓangare yana da hujja, amma in ba a buɗe ƙofa irin wannan ba, wasan zai ci gaba da zama na ƙasashe ashirin.

Najeriya ta fara fitowa a Riyo a 2016 ta hannun Chierika Ukogu, wadda ta tashi a Amurka, sai Esther Toko a Tokyo.

Za a iya yin wannan wasa a Sakkwato?

Mutane dai akwai su. Sarkawa da sauran masunta na Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sun tashi da filafili a hannu, ba sa tsoron ruwa, kuma dogayen samari ba su yi mana ƙaranci ba. Wanda ya tsaya a gadar Kwalkwalawa da damina ya ga yaro ɗan shekara goma sha biyu yana sarrafa kwale-kwale a ruwa mai gudu, ya san ba daga sifili za a fara ba.

Ruwan ne sai an zaɓa. Ana buƙatar kilomita biyu a miƙe, kwantacce, mai zurfi, ba koma ko ƙugiya a hanya. Gulbi da damina yana gudu, da rani ya koma yashi da ƙananan gurabe. Dam ɗin Goronyo ne ya fi kama da wurin, ko da yake shi ma ruwansa kan ja baya sosai a wasu shekarun, iskar hunturu kuma tana tayar da igiyar da siririn jirgi ba zai jure ba. Atisaye sai bayan Asuba ko gab da Magariba, don daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40.

Kuɗi shi ne babban cikas. Jiragen tsere irin na Empacher na Jamus ko Filippi na Italiya, guda ɗaya ya fi ƙarfin kulob ɗin unguwa, ga kuɗin jigila da na gyara. Ita kanta Birtaniya sai bayan kunyar Atlanta ta fara biyan 'yan wasanta albashi daga kuɗin cacar ƙasa a 1997. Wannan hanya ba tamu ba ce, amma ko daga ina kuɗin za su fito, dole su riƙa zuwa kowace shekara, ba sai ana saura wata uku gasa ba. Abin da ya fi sauƙin farawa shi ne injin tuƙi na tudu: biyu ko uku a filin wasa na Giginya ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun isa a auna ɗaruruwan matasa a gano masu huhu. Kafin kowa ya hau ruwa kuma sai ya iya iyo, da jirgin ceto a kusa. Jihar nan ta binne mutane da yawa saboda kifewar kwale-kwale, ba wanda zai yarda ya ba da ɗansa in ba a nuna masa wannan ba.

Me zai canja a Olamfik ta 2028?

Abu uku. Gasar za ta koma Los Angeles, inda Redgrave ya ci zinarensa na farko, amma za a rage tseren zuwa mita 1,500 saboda mashigin ruwan Long Beach da aka zaɓa bai kai 2,000 ba. An cire rukunin marasa nauyi. A madadinsa an shigo da tseren bakin teku: ɗan wasa zai sheƙo a guje a kan yashi, ya faɗa jirgi, ya tuƙa kusan mita 250 cikin igiyar ruwa, ya kewaya alama ya dawo, ya diro ya sake gudu zuwa layi. Jiragen wannan sun fi faɗi da ƙwari, ba sa buƙatar kwantaccen ruwa ko layi shida, kuma ƙasashen Afirka irin su Tunisiya sun riga sun fara cin lambobi a gasarsa ta duniya.